Hawan Kufena da azumi a baki: abin da ya sami yayana

Ranar wata Litinin da sassafe matar yayana ta kira ni a waya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar ba ta so ya ji. Ta ce, "Don Allah ka zo ka duba yayanka. Tun jiya ba ya iya tsugunawa ya yi alwala, yanzu kuma ya fito daga bayi ya ce fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba." Ban ƙarasa kokon da ke gabana ba. Na ɗauki 'yar robar gwaji na hau babur zuwa Tudun Wada. Tun a hanya na san abin da zan tarar, domin a gabana abin ya soma shekaranjiya.

Aikina gwajin jini ne a wani asibiti mai zaman kansa a nan Kaduna. Da izinin yayana na rubuta wannan, shi ne ma ya ce in rubuta, sai dai kada in sa sunansa. Hawan dutse ya zama abin yayi a tsakanin mutanenmu, kuma abu ne mai kyau. Damuwata ita ce shawarar da ake bi daga waya ake ɗauko ta, daga bakin masu bidiyon da ke cewa an fi ƙona kitse in an motsa jiki ciki ba komai, mutanen da in sun ce "azumi" ba abin da muke nufi suke nufi ba.

Shekarun yayana 46. Yadi yake sayarwa a babbar kasuwa, ta Sheikh Abubakar Gumi, kuma wanda ya san sana'ar ya san zama ce daga safe har la'asar sakaliya, abinci na zuwa ya same ka a kan tabarma. Mahaifinmu ciwon suga ne ya yi ajalinsa, don haka kowace shekara nakan matsa wa Yaya ya zo in gwada shi. A farkon hunturun da nake magana ya hau sikeli ya kai kilo 94, sugan jininsa kuwa kafin ya karya 112. Ga mai lafiya ana so ya tsaya ƙasa da 100. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa, daga 126 zuwa sama in ya maimaitu ya shiga. Da na gaya masa haka ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wato hanyar Baba na ɗauka."

Ba a yi mako biyu ba ya shiga wata tawagar samarin kasuwa da ke zuwa Zariya duk Asabar su hau dutsen Kufena, wanda ke wajen Wusasa, inda tarihi ya ce Zazzagawa sun zauna kafin a kafa birnin da muka sani yanzu. Sukan bar Kaduna da an sallame Asuba, su ci kilomita wajen 80 ɗin nan, su soma hawa rana tana ɗagowa. Ƙa'idarsu ita ce ba a karyawa sai an sauko. Amma kowa da gorar ruwansa a hannu, kuma wannan shi ne abin da nake so a riƙe.

Na bi su sau da yawa. Yaya yakan hau a hankali, ya tsaya ya huta, ya kurɓi ruwa, iskar hunturu tana busar da zufa tun kafin ta gangaro. Kafin ƙarfe tara an sauko, a tsaya wurin mai shayi a ci burodi da ƙwai. Mako goma ya yi a haka ba abin da ya same shi sai tsamin cinya a makonni biyun farko. Nauyinsa ya dawo kilo 90, sugansa 101, barcinsa ya gyaru, har matarsa ta ce minsharin ma ya ragu.

Me ke faruwa a jikin mutumin da ya hau dutse bai karya ba?

Jiki yana da rumbu biyu. Ƙarami shi ne na suga, wanda ake ajiyewa a siffar da ake kira gilaikojin: kimanin giram 100 a hanta, da kimanin giram 400 a cikin tsoka. Babban rumbu kuwa shi ne kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, wajen 7,700, alhali gilaikojin gaba ɗayansa bai wuce kalori 2,000 ba. Ko siririn mutum yana da kitsen da zai kai shi Kano a ƙafa. Sai dai shi kitse kamar gawayi yake, yana daɗewa yana ci amma ba ya kamawa da sauri. Suga kuma kamar kara, nan da nan ya ba da wuta, nan da nan ya cinye.

Cikin dare, mutum yana barci, hanta ce ke ɗibar nata tana zubawa a jini, domin ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin suga wajen giram 120 a yini. Don haka da safe rumbun hanta ya yi ƙasa sosai. Na tsoka kuwa yana nan kusan yadda aka kwanta da shi, saboda tsoka ba ta iya fitar da nata ta ba jini, amfanin kanta kawai take yi da shi. Wannan ne ya sa mutum ke iya tashi bai ci komai ba ya yi tafiyar awa guda ko biyu ƙafafunsa ba su gaza ba. A wannan hali insulin, sinadarin da ke sa jiki ya kwashe suga daga jini, ya sauka, kuma saukarsa ita ce ke buɗe ƙofar rumbun kitse. Sai kitse ya riƙa narkewa yana shiga jini, tsoka tana ƙona shi, hanta kuma tana ƙera sabon suga daga wasu abubuwan don ƙwaƙwalwa kada ta rasa. Matuƙar tafiyar a hankali ake yin ta, irin wadda mutum ke iya hira yana hawa, kitse ne ke ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Da zarar hawan ya yi tsauri, numfashi ya soma sarƙewa, sai jiki ya koma wa suga, ko an karya ko ba a karya ba. Tun a shekarun 1960 wasu likitoci biyu a Suwidin, Bergström da Hultman, suka riƙa gutsuro 'yar tsoka daga cinyar masu motsa jiki suna aunawa, suka nuna cewa ƙarewar gilaikojin ɗin tsoka ce ke sa mutum ya gaji tiɓis a aiki mai tsawo.

Ke nan masu bidiyon ba ƙarya suka yi ba da suka ce an fi ƙona kitse in ciki ba komai. Abin da ba sa faɗa shi ne ƙanƙantar ribar. A 2016 an tattara bincike da dama a kan wannan aka auna, sai aka ga bambancin da ke tsakanin wanda ya karya da wanda bai karya ba kimanin giram 3 ne na kitse a zama ɗaya na motsa jiki. Bai kai cikin ƙaramin cokali ba. A 2014 kuma a Amurka an raba mata 20 gida biyu na tsawon mako huɗu, abincinsu na yini daidai, wasu suna motsa jiki kafin su ci wasu bayan sun ci, aka tashi raguwarsu ba ta bambanta ba. Inda aka ga amfani na gaske shi ne wajen suga. A Jami'ar Bath ta Ingila an bi maza 30 masu ƙiba na mako shida, waɗanda ke motsa jiki kafin karin kumallo suka ƙona kitse ninki biyu a lokacin motsawar, jikinsu kuma ya fi amsa wa insulin, duk da cewa a sikeli ba su fi sauran raguwa ba. Ga mutum irin Yaya, wanda ke bakin ƙofar ciwon suga, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ban taɓa hana shi ba. Amma a duk waɗannan binciken, yunwar dare ɗaya ake nufi, kuma ba wanda aka hana shan ruwa.

Da watan Ramadan ya kama, tawagar ta dakata. Yaya bai sake hawa ko tudu ba har aka yi salla, ga hidimar kasuwa ta ɗinkin salla da ta hana shi ko zagayen unguwa. In an haɗa da makonnin da suka gabata, ya yi kusan kwana 45 bai motsa ba. A tsakanin nan hunturu ya tafi, bazara ta kankama. Wanda ya san Afrilun Kaduna da Zariya kafin ruwan farko ya sauka ya san zafin yakan haura digiri 35, kuma tun ƙarfe tara rana take soma duka.

Asabar ta farko bayan salla samarin suka ce a koma. Yaya ya soma Sitta Shawwal, yana rana ta uku. Daren Juma'a na same shi a gida na ce, "Yaya, ko dai ka ɗaga azumin goben, ko ka ɗaga hawan. Shawwal ɗin da saura." Ya ce ai tun hunturu da yunwa yake hawa, me ya canza? Wani abokinsa da ke zaune ya kawo misalin Hakeem Olajuwon, wanda ya buga ƙwallon kwando a Amurka yana azumi har aka zaɓe shi gwarzon wata a Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Gaskiya ne an yi haka. Amma mutum ne da motsa jiki ne sana'arsa tun yana saurayi, a rufaffen ɗaki mai sanyi yake wasa, da likitoci a gefensa, ba a kan falalen dutse da tsakar rana ba. Na faɗi wannan, aka ce na cika tsoro. Ƙane ba ya ja-in-ja da wa a gaban baƙo, sai na yi shiru, na ce to zan bi ku. Na cika jakata da ledojin ruwa, na sa na'urar gwajin suga da ƙullin gishiri da sukari guda biyu.

Sahur ɗinsa a ranar shayi ne da burodi, da kofi ɗaya na ruwa, domin ya makara. Motar kuma ta ɓata mana lokaci a hanya, ba mu soma hawa ba sai tara da rabi. Hawan farko ya yi shi, amma na lura da abubuwa biyu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf tun ba mu kai rabi ba, kuma da muka zauna a sama na kama hannunsa, bugun zuciyarsa bai sauka ba ko bayan hutun minti goma. Da muka sauko samarin suka ce a sake hawa sau ɗaya don a rama na watan azumi. A nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna: na ce masa kada ya je, ya ce shi ba zai zauna a gindin dutse yara suna kallonsa ba, ni kuma maimakon in tsaya a kan maganata sai na bi bayansa.

A saukowa ta biyu, wajen sha biyu da rabi, ƙafafunsa suka soma rawa. Dutsen ya yi zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Ya taka wani gangare sai cinyarsa ta dama ta ɗaure, ya zauna daɓas, ya ce yana ganin duhu-duhu. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari, gishirin zufa ya zana layi a wuyan rigarsa. Muka rirriƙe shi zuwa inuwar wata bishiya a ƙasa. Na soki yatsarsa na gwada, duk zatona sugan ne ya faɗi. Na'urar ta nuna 74. Ya yi ƙasa, amma bai faɗa ƙasa da 70 ba, inda ake cewa suga ya faɗi. Awa bakwai ba ci, ga hawa biyu, amma hantarsa ta riƙe amanar da aka ba ta. Ba yunwa ce ta kayar da shi ba.

Na fasa leda na jiƙa masa kai da wuya da hammata, samarin suna yi masa fifita da riguna. Na miƙa masa ruwa ya kau da kai. Ya ce saura awa shida, zai daure. Ana cikin haka wani dattijo da ke gyaran gonarsa kusa da wurin ya ajiye fartanya ya matso. Ya dube shi da kyau, ya tambaya ko na farilla ne, muka ce Sitta Shawwal ne. Ya tsuguna ya ce, "Alhaji, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga an taru ana yi wa wani mutum inuwa a halin tafiya saboda azumi ya galabaitar da shi, ya ce ba ya cikin aikin alheri yin azumi a tafiya. Kai ga tafiya, ga ciwo. Karɓi ka sha." Yaya ya ce, "Baba, ina jin kunyar Allah." Dattijon ya ce, "Shi ya ba ka ran, kuma Shi ya ba ka sauƙin." Sai ya karɓa. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, bayan kamar rabin awa idonsa ya washe, ya miƙe da kansa.

Da muka dawo Kaduna da yamma na sa ya hau sikeli: kilo 88 da ɗan kai, alhali da jijjifi 91 yake, kuma wannan bayan ya sha fiye da lita guda. Abokinsa ya ce, "Ka ga, kilo uku a rana ɗaya!" Lissafin ba haka yake ba. Mutum mai nauyinsa yana ƙona kalori 500 zuwa 600 a awa guda ta hawa. Ko da a ce awa ukun nan duka kitse zalla ya ƙona, bai kai giram 250 ba. Sauran duk ruwa ne, na zufa da wanda ke tafiya tare da gilaikojin, domin kowane giram nasa da ruwa wajen giram uku ake ajiye shi. A cikin zafi mutum yana iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma da ya rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa ƙarfinsa ya soma raguwa. Yaya ya haura kashi huɗu. In ruwan jini ya ragu haka, zuciya sai ta ƙara gudu don ta raba ɗan abin da ya rage tsakanin tsokar da ke aiki da fatar da ke neman sanyaya jiki. Wadda ake ragewa kaso ita ce ƙoda.

Na ce masa ya sha ruwa sosai, ya huta, kada ya tashi da azumi washegari. Na tafi gida da zaton an wuce wurin. Abin da ban sani ba sai ranar Litinin shi ne, da daddare jikin ya yi masa tsami ya aika yaro kemis aka sayo masa diklofenak, ya sha biyu. Da asuba ya ƙara biyu, ya ɗaura niyyar azumi, wai kada lissafin shidan ya yanke. Ya yini ranar Lahadi a kwance, ba ruwa, fitsari sau ɗaya tak.

Da na kai fitsarin ɗakin gwaji na tsoma tsinken gwaji, wurin da ke nuna jini ya rine nan take. Na juya shi a inji na ɗiga a gilashi na leƙa ta madubin ƙara girma, ban ga ƙwayoyin jini ba sai ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san ma'anar haka. Ba jini ba ne, mayogulobin ne, jan sinadarin da ke cikin tsoka, wanda ba ya fitowa sai tsokar ta farfashe. Gwajin jini ya tabbatar. Sinadarin tsoka da muke kira CK, wanda a yawancin maza ba ya wuce 'yan ɗaruruwa, nasa ya haura 14,000. Kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, wanda a hunturu na auna masa 0.9, ya kai 2.1. Likita ya duba ya ce narkewar tsoka ce, abin da suke kira rabdomayolisis, kuma ta soma taɓa ƙoda. Nan take aka ba shi gado aka ɗaura ƙarin ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauka hawa ne ke wahalar da tsoka. Hawa zuciya da huhu yake gajiyarwa, saukowa ce ke yayyaga tsoka. In kana gangarowa, tsokar gaban cinya birki take takawa, tana ɗaurewa alhali nauyinka yana miƙar da ita, sai zarurrukanta su riƙa tsinkewa kaɗan-kaɗan. Shi ne tsamin da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ga wanda ya saba, ɓarnar kaɗan ce, kuma daga gyaranta ne tsoka ke ƙara ƙarfi. Ga wanda ya yi kwana 45 a zaune, ya sauko sau biyu da kilo 91 a kan cinyoyin da suka gaji, cikin zafin da jikinsa bai saba aiki a cikinsa ba, ɓarnar ta wuce misali. Jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu na aiki kaɗan-kaɗan a cikin zafi kafin ya saba, shi kuwa duk horonsa a sanyin hunturu ya yi shi. Duk da haka, da ya sami ruwa isasshe a daren Asabar da ranar Lahadi, ƙila da ƙodar ta wanke dattin ta fitar. Sai aka hana ta ruwa, aka kuma ƙara mata diklofenak, wanda shi da ire-irensa kamar ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, musamman in jiki ya bushe. A ganina azumin Lahadi da ƙwayoyin nan huɗu sun fi hawan kansa yi masa illa.

Akwai ƙarin abu ɗaya da likitan ya tambaya, wato rukunin jininsa ta fuskar sikila. Yaya AS ne, kamar kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya. Mai AS lafiyayye ne, ba a hana shi motsa jiki. Amma wani babban bincike da aka wallafa a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin irin wannan narkewar tsokar da kimanin rabi. Mafi yawanmu ba ma tuna wannan gwajin sai za a ɗaura aure.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. A rana ta biyu fitsarin ya soma washewa, daga ruwan shayi zuwa ruwan zuma, zuwa yadda aka sani. CK yakan ragu da kusan rabi a duk kwana ɗaya da rabi in ɓarnar ta tsaya, nasa ma haka ya riƙa sauka. Bayan mako biyu kiriyatinin ya dawo 1.0, muka yi hamdala, domin akwai waɗanda irin wannan ke kai su ga wankin ƙoda. Ƙarfin ƙafa ne ya daɗe bai dawo ba. Mako uku yana sallah yana dafa bango in zai tashi daga sujada, matakalar shagonsa ma sai ya huta a tsakiya. Tsokar da ta ji rauni ko gilaikojin ba ta iya mayarwa da wuri. Wadda ke cikewa cikin kamar awa 24 in an ci abinci sosai, sai ta ɗauki kwanaki. A makonnin nan na jinya nauyinsa ya koma 92, sugansa ya hau 108. Rabin abin da ya tara a hunturu ko fiye ya zube.

Hajiyarmu da ta zo duba shi ta ce daga yau ba shi ba dutse. Na roƙe ta, na ce, "Hajiya, zaman ne zai kai shi inda ya kai Baba. Ki bar shi ya koma, ni zan tsara masa." Game da azumin da ya karya kuwa ya tambayi limamin unguwarsu, aka gaya masa a mazhabar Malikiyya wanda ya karya nafila da gangan ba uzuri shi ke ramawa, wanda ciwo ya tilasta wa babu komai a kansa. Wannan ya kwantar masa da hankali fiye da duk takardun gwajin da na nuna masa.

Tsarin da muka yi ba mai wuya ba ne. Ranar hawa daban, ranar azumi daban. In yana so ya hau bai karya ba, ya hau, amma ya sha ruwa tun daren, domin ba a fafe gora ranar tafiya, ya ɗauki lita biyu da 'yan dabino a aljihu, a soma da fitowar rana a gama kafin ta yi zafi, kuma kada ya wuce saurin da zai iya magana. In hawan zai haura awa ɗaya da rabi, ya ci wani abu a hanya. Bayan an sauko ba a jinkirta ci: kunun gyaɗa da ƙosai, ko fura da nono, ko wake da shinkafa da ƙwai biyu, abin da dai ya haɗa mai ba da ƙarfi da mai gina jiki. Tsoka tana son furotin giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya don gyara, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ne, don haka shayi da burodi kaɗai ba su isa ba. Ya hau sikeli kafin da bayan hawa, duk kilo ɗaya da ya ragu ya mayar da ruwa lita ɗaya da rabi a hankali, tare da abinci mai ɗan gishiri. Maganin ciwon jiki kuwa ba ya sha sai ya kira ni. A ranakun azumi, na Litinin da Alhamis ko na Ramadan, tafiyar rabin awa a fili dab da magariba ta ishe shi, inda ruwa ke jiransa, ko kuma bayan an sha ruwa an huta. Na kuma ja kunnen samarin tawagar, domin akwai mai shan maganin suga a cikinsu, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari. Waɗannan ko yunwar safe ba za su hau da ita ba sai likitansu ya yarda.

Ya soma da zagayen Dandalin Murtala da safe, mako shida bayan sallamarsa, sannan muka riƙa ƙarawa. Sai da damina ta yi nisa muka koma Kufena. Dutsen ya yi kore, ruwa ya taru a ramukan falalen, ga santsi, don haka a hankali muka bi. Sau ɗaya muka hau, takwas da rabi muna ƙasa. Yaya ya taho da yadi biyar na shadda a leda, muka bi ta gonar dattijon muka same shi a cikin dawarsa da ta kai ƙugu. Bai gane mu ba sai da Yaya ya tuna masa. Ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa albarka, sannan ya tambaya, "Yau ma da azumin aka zo?" Yaya ya ɗaga gorarsa ya ce, "A'a Baba, sai jibi Litinin in Allah ya kai mu." Da muka isa gida na sa shi ya hau sikeli, giram 700 ya rage. Matarsa ta kawo masa lita guda a jug, ya zauna a tabarma yana sha ana zuba masa wake da shinkafa.